Dodon Fadama da Babban Yatsana

Bango ɗaya ne ya raba shagon ɗinkina da gidan gem, inda ake wasannin bidiyo, a Jega. Mai gidan gem ɗin abokina ne, ɗan wani malamin makaranta Kirista da aiki ya kawo garinmu tun muna ƙanana. Tare muka tashi, Hausarsa ba ta da bambanci da tawa. In na yi sallar la'asar aiki ya lafa, sai in rufe keke in leƙa wurinsa. Samari ƙwallo suke bugawa a talabijin ɗin bakin ƙofa. Ni can ƙurya nake wucewa, inda ya ajiye wani gem na farautar dodanni wanda kusan ba mai taɓa shi sai mu biyu.

Samarin sun ce ba shi da daɗi, wai mutumin ciki nauyi gare shi. Ba su yi ƙarya ba. Takobin ya fi mai riƙe da shi tsawo, in ka ɗaga ba ka isa ka fasa ba sai ya sauka. Abin da ya kama ni shi ne gem ɗin ba ya cuta. Dodo ba ya kawo duka sai ya nuna alama: ko ya karkatar da kafaɗa, ko ya ja numfashi, ko ya kafa ƙafar baya. In ya buge ka, kai ne ba ka duba ba. Sau uku ake ba ka damar faɗuwa, a ta ukun farauta ta watse, ka koma farko.

Akwai ɗaya da ya gagare ni. A fadama yake zaune, bayansa kamar dutsen da ya yi gansakuka, wutsiyarsa kamar gungumen giginya. Na daɗe ina fama da shi, har na san duk motsinsa, amma kullum wutsiyar nan ce ke ƙarasa ni.

Ina cikin wannan fama na kai ɗinkin biki Gumbin Kure a kan babur. A hanyar dawowa, na wuce Maiyama kaɗan, akuya ta faɗo titi. Na kauce mata, babur ya kwashe, na dafa ƙasa da hannun dama. Na ji ƙarar kafin in ji zafin. Direban wata motar albasa ne ya tsaya, ya dubi yadda hannun ya lanƙwashe a wuyansa, bai tambaye ni komai ba ya ce in hau, Aliero za mu wurin mai ɗori.

Maɗorin dattijo ne mai magana a hankali. Ya sa mutum biyu suka riƙe ni, ya ja, ya murza, na yi ihun da har yau nake jin kunyarsa. Ya ɗaure da karare ya ce in yi haƙuri. Na yi haƙurin, makonni ina zaune a gida, Inna na ba ni abinci a hannun hagu. Ranar da aka kwance ɗori ƙashi ya haɗe lafiya. Sai dattijon ya ce in haɗa babban yatsa da manuni.

Na dubi yatsun na ba su umarni. Manuni ya ɗan motsa. Babban yatsa ya tsaya kamar ba nawa ba.

"Baba, mi ya same shi?"

"Ƙashi ya kama, ɗana. Jijiya ce ta yi barci. Ka riƙa motsa shi. In ka ga bai tashi ba, kada ka zauna, tafi asibiti su duba. Wanga ba aikina ba ne."

Da babban yatsa tela ke riƙe almakashi. Da shi ake danne yadi, da shi ake zura zare. Na koma gida na ɗauki almakashin Inna a ɓoye, na gwada a kan tsumma. Ya suɓuce ya faɗi. Tun daga ranar ban ƙara gwadawa ba, ban kuma je shago ba. Asibitin ma tsoronsa nake ji, don ban san abin da zan yi ba in likita ya ce shi ke nan. Waɗanda suka ba ni ɗinki suka riƙa aiko yara gida, Inna na ce musu ina jinya. Ina jin ta daga ɗaki, na cusa hannun a cikin riga.

Wata Asabar bayan azahar abokina ya yi sallama. Ya gaida Inna a durƙushe, sannan ya leƙo.

"Tela, taso mu tahi."

"Ina?"

"Dodonka na nan yana jiranka. Ban taɓa shi ba."

Na ce masa ba na son wasa. Ya ce shi ma ba wasa ya kawo shi ba. Ya tsaya a bakin ƙofa bai zauna ba, bai tafi ba, har Inna ta ce, "Tashi ka bi shi, zaman ga ya isa."

Da muka isa na tarar ya sallami samarin, ya tura ƙofa. Daga mu sai ƙarar janareto a bayan shago da fanka mai kaɗa iska mai zafi. Ya miƙo mini fad, abin da ake riƙewa a danna. Hannun hagu ke tafiyar da mutum. Sara da kaucewa duk aikin babban yatsan dama ne. Na riƙe shi kamar na riƙe garwashi.

"In bai yi ba fa?" na ce.

"In bai yi ba, mun sani. Jibi in kai ka asibiti da kaina."

Muka shiga fadama. Ruwa iya gwiwa, ciyawa na kaɗawa, tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya. Na san ma'anar hakan. Dutsen da ke gabana ya motsa, ya miƙe, ruwa na zuba daga bayansa. Ya karkatar da kafaɗa. Idona ya gani, kaina ya ce kauce, yatsa bai sauka ba. Ya take ni. Na yi ƙoƙarin danna maɓallin da gefen tafin hannu, na danna biyu a tare, mutumina ya tsaya yana shan magani a gaban dodo. Faɗuwa ta farko ke nan, ko sara ɗaya ban kai ba.

Na ji gumi na bin bayana.

A karo na biyu na yi dabara, na lanƙwaso manuni ta sama ina danna maɓallin da shi. Na samu na sari ƙafarsa, na ƙara. Amma manuni ba ya sauri, kuma kowace danna sai na ji kamar ana soka mini allura a wuyan hannu. Dodon ya ja numfashi, ya feso laka, ta riƙe ni, wutsiya ta zo. Faɗuwa ta biyu.

Na ajiye fad a cinya.

"Ya isa," na ce. "Na gani."

"Saura ɗaya."

"Na ce maka na gani!"

"Ka gani, ni ban gani ba. Ƙarasa."

Na ji haushinsa ƙwarai. Da haushin na ɗauka, na koma fadama ba don in ci ba, sai don a gama in tafi gida. Na daina duban hannuna. Na kafa ido a kan kafaɗar dodon, don ita ce abin da na fi tsana a lokacin. Ya taso, na zagaya ta hagu. Ya juyo, na ja baya. Na bar shi ya sari ƙasa, na shiga na sare shi a wuya, wani ɓangare na dutsen bayansa ya tsage ya faɗa ruwa. Ya yi wani kuka da ya sa lasifika ta yi rawa. Ya haukace, idanunsa suka yi ja, motsinsa ya ninka. Layin da ke nuna jinin mutumina saura ɗan siriri.

Sai ya kafa ƙafar baya. Wutsiya ta taho ta share rabin talabijin, ta wuce, mutumina ya mirgina ta ƙarƙashinta ya miƙe tsaye.

"Tela," in ji abokina a hankali. "Da mi ka danna?"

Ban iya duba ba, don dodon ya sake tasowa. Na sake mirginawa. A wannan karon na ji shi: babban yatsa ne, ya sauka a kan maɓalli, da zafi kamar an ɗora masa wuta, amma ya sauka. Na ce "Allahu Akbar" da ƙarfi, abokina ya miƙe tsaye yana buga bango, har mai shayin da ke gefe ya turo ƙofa ya ga ko faɗa ake.

Dodon ya fara ɗingishi, ya juya zai gudu makwancinsa. Na bi shi da zumuɗi, na ɗaga takobi tun ban isa ba. Ya waiwayo ya maka ni da ƙasa. Ta uku. Farauta ta watse.

Muka zauna muna duban yatsan. Ya kumbura, yana bugawa. Na umarci yatsan ya haɗu da manuni. Bai kai ba, amma ya taso ya yi rabin hanya.

Ranar Litinin abokina ya rufe shago ya raka ni asibiti. Suka koya mini yadda zan riƙa murza shi a ruwan ɗumi da matsa ƙwallon roba, suka ce zai dawo amma ba duka ba. Haka kuwa aka yi. Har yau ba ya lanƙwashewa sosai, in sanyi ya shigo yana min ciwo. Na naɗe kunnen almakashina da ƙyalle don ya cika yatsan, na koyi yanka a hankali. Rigar farko da na yanka ta wani mahauci ce, maƙwabcinmu. Hannun riga ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ya sa, ya miƙa hannuwansa gaba ya duba, ya ce in rage dogon kawai, Juma'a yake so ya sa ta.