Dutsen da Bakanuwa Ta Hau

A Tayuri, unguwarmu ta baƙi a gefen Sabha, shekarun da kuɗin fetur ya buɗe, in mata sun taru gidan suna ni ake gyara wa tabarma. Ban yi boko ba, amma in na ɗauko labari har mai tuƙa tuwo sai ta saki muciya. Maigidana yana aikin gini cikin Sabha, ni kuwa da kaka sai in bi mata zuwa ƙauyen Zigan tsintar dabino a gonar wani Balarabe.

Bayan gonar akwai wani baƙin dutse, tsaye kamar bango, kansa a shafe. Masu hawan dabino suka ce daga samansa ana ganin gonaki duka, har da sabon gudoro, titin kwaltar da ya tafi Sabha. Wata shekara kafin mu tashi na faɗa wa matan unguwa zan hau shi in kawo musu labari. Ni 'yar Damagaram ce, cikin duwatsun unguwar Birni na yi wayo.

Maƙwabciyata, wata Bakanuwa, ta ce za ta raka ni. Mace ce mai jiki, mai nauyin baki, mijinta yana sayar da takalma a kasuwa. Ranar hawan da safe ta fito cikin kambas na maza, ta ɗaure igiya tam.

Na ce, "Ke 'yar Kano, ƙwallo za ki buga?"

Ta ce, "Yaya, na zo da wani, ko za ki saka?"

"Ni? Dalar taku da akuya mai ciki ke hawa, ita ta koya miki dutse? A garinmu takalmi a gindin dutse ake barinsa."

Haka ne kuwa. Dutsenmu sulɓi gare shi, tafin ƙafa ke kama shi, mai takalmi shi ke zamewa. Ta ajiye wancan ɗin a bukka, ni ma na tuɓe silifas, na ɗaure zane na yi gaba.

Da farko na bar ta nesa, ina jin numfashinta a baya kamar zugazugin maƙeri. Hanyar siririya ce, a miƙe, wani wurin sai da hannu. To ashe dutsen ƙasar nan ba irin namu ba ne. Ɓaraguzai ne masu kaifi kamar fasasshen kasko, kuma hantsi na ɗagawa suka ɗauki zafi kamar tanda. Na taka, na ɗaga, na taka, har tafin ƙafata ya tashi ruwa, ɗaya ya tsage. Na samu 'yar inuwa inda dutse ya yi rumfa na zauna. Kan dutsen ga shi nan, jifa ɗaya.

Ta iso tana haki, zufa har haɓa. Ta dubi ƙafata, ta zauna ta kwance kambas ɗinta.

"Saka, Yaya. Ke kika yi wa mutane alkawari."

Na gwada, ƙafa ta kumbura ta ƙi shiga. Na tura mata abinta na ce, "Wuce. Iska nake sha."

Ta wuce da rarrafe, ina kallon ƙasan takalman nan har suka ɓace. Can sai na ji guɗa daga sama, daga bakin da ko a biki ban taɓa jin ya yi ba. Abin da ya taso mini a ƙirji ya fi na ƙafa zafi.

Ta daɗe kafin ta sauko. Na ce, "To, me kika gani?"

"Da kyau, Yaya."

"Me ke da kyau?"

"Dabino. Da hanya. Da iska."

"Dabinon yaya yake daga sama? Motocin kamar me?"

Ta yi tunani, sannan ta ce, "Ƙanana."

Mace ta ga duniya a shimfiɗe ƙarƙashin ƙafarta, abin da ta sauko da shi ke nan. Kafaɗarta na dafa har ƙasa.

Da muka koma Tayuri aka yi wani suna. Na je da ƙafa a naɗe cikin tsumma. Na buɗe baki zan fara, wata dattijuwa ta ce, "Dakata, bari wadda ta kai ta faɗa." Ita kuma ta ce dabino, da hanya, da iska. Suna ta "Allah sarki", suna sake tambayarta, suna matsawa kusa da ita.

Ban ƙara samun zuwa Zigan ba, Balaraben ya canza ma'aikata. Wata rana dai a wani taron na kasa daurewa. Na ɗauko musu saman dutsen nan, na ce gonaki kwance kamar koren darduma, gudoro kamar baƙin zare, motoci suna bin sa kamar tururuwa. Wuri ya yi tsit, na ga sun dawo hannuna.

Sai ga muryarta a hankali daga bakin ƙofa: "A'a, Yaya. Ba haka yake ba."

Duk suka juya. Na ce, "To yaya yake?"

Ta sunkuyar da kai tana murmushi ita kaɗai, ta ci gaba da ɓare gyaɗarta.