Mutumin Da Ke Bayan Shanu a Bangon Mujalla

Abubuwa da yawa sun same ni a zamanin karatu waɗanda tuni sun gushe daga raina, amma ranar da kakata ta ɗauki wata mujallar fim daga kan tabarmata, ba na jin zan manta da ita har in koma ga Mahaliccina.

Lokacin ina karatun aikin jarida a nan Dutse, gidanmu yana Limawa. Malaminmu ya ba mu aiki, ya ce kowa ya nemo mujallu biyu da suka tallata fim ɗaya a bangonsu, ya yi bayanin irin mutanen da kowacce take son ta jawo. Na samu nawa wurin mai jarida a bakin tasha. Ɗaya ta Turanci ce mai sheƙi, an yi ta don samari da 'yan matan birni. Jarumar ta sa baƙin tabarau ta jingina da mota, jarumin yana riƙe da waya, an rubuta sunan fim ɗin da jan rubutu kamar zai kama da wuta. Ɗayar ta Hausa ce, irin wadda ake kai wa kasuwannin ƙauye. Jarumar nan dai ce, amma ta yafa mayafi ta sunkuyar da kai, ga ƙwarya a hannunta, a ƙasa an rubuta cewa fim ne na zumunci da tarbiyya. A wuri ɗaya aka ɗauki hotunan, gaban wata kuka mai rassa biyu, da shanu a baya. Na ji daɗin kaina ƙwarai, ina ganin na gano dabararsu: ɗan birni a nuna masa mota, magidanci a nuna masa kunya.

Kakata, mahaifiyar Baba, wadda duk muke kira Inna, ta zo daga Buji ganin likitan ido. Bayan la'asar ta fito tsakar gida ta same ni a kife ina rubutu. Ta zauna, ta jawo ta Hausar, ta kai ta dab da fuskarta. Na ɗauka jarumar take kallo. Can sai na ji numfashinta ya sauya.

"'Yar nan, wa ya ba ki hoton Baffanki?"

Na yi dariya na ce, "Inna, 'yan fim ne fa."

"Ban ce waɗannan ba. Wancan na baya."

Sai a lokacin na lura da shi. Can bayan shanun, a gindin kukar, wani mutum ne tsaye da malafa, ya ɗora sanda a kafaɗa ya rataya hannuwansa a kai. Kwana da kwanaki ina nazarin bangon nan, ban taɓa ganinsa ba. Kuma ba irin kallon 'yan fim yake yi ba, kai ka ce mai riƙe da mujallar yake kallo.

Baffan nan ƙanen Baba ne. Tun ba a haife ni ba ya kora shanun gidanmu ya yi arewa da su, bai sake dawowa ba. An nema har an gaji, daga baya aka yi masa addu'a aka raba abin da ya bari. Ni ko hotonsa ban taɓa gani ba.

Na jawo ta Turancin don in nuna mata kuskure take yi. Ga kukar, ga shanun, amma babu kowa a gindinta. Na gaya wa kaina gogewa suka yi da kwamfuta, don makiyayi ba zai sayar da mujalla a birni ba. Sai dai shanun duk sun juya kai suna kallon wurin da babu kowan.

Da Baba ya dawo, Inna ta miƙa masa mujallar Hausar. Ya daɗe yana kallo, sannan ya zauna a kan turmi.

"Inna, mutum yana kama da mutum. Kuma da yana raye, ai da yanzu ya yi furfura."

"Ni na haife shi," ta ce. "Ka kai ni wurin."

A cikin mujallar an rubuta cewa a wata ruga ta ƙasar Taura aka ɗauki fim ɗin. Washegari muka kama hanya mu uku. A Taura Baba ya nuna wa 'yan acaɓa hoton, nan take ɗaya ya gane kukar ya yi mana jagora. Muka bi ta cikin gonakin gero har hanyar mota ta ƙare, muka ƙarasa da ƙafa. Inna da ko zuwa bakin titi sai an riƙe ta, ranar ita ce a gaba.

Wani dattijo ya tare mu, ya shimfiɗa mana tabarma, aka kawo nono. Da ya karɓi mujallar sai fara'arsa ta ɗauke. Ya ce, "Alhaji, ranar da aka ɗauki hoton nan ina tsaye a wurin. Masu fim ɗin suka ce kada kowa ya shiga baya, ni da kaina na kori mutane." Ya ajiye ta a kife. Ya ba mu labarin wani baƙo da ya zo musu da daɗewa bayan ciwo ya kashe masa garke. Kunyar komawa gida hannu rabbana ta hana shi tafiya, kullum yana cewa sai shanu sun taru. Ya yi aure a nan, ya haifi ɗa guda, shanun kuma suka fara taruwa, sai zazzaɓi ya ɗauke shi.

Yana cikin magana muka ji fito daga wajen gonaki, irin wanda makiyaya ke yi wa shanu. Inna ta miƙe tsaye. Wani saurayi ya ɓullo a bayan garke, da malafa, da sanda a kafaɗa. Wallahi da na gan shi sai da na ja baya na riƙe rigar Baba. Mutumin hoton ne yake tafiya da ƙafarsa. Inna ta yi masa magana da Fulatanci, ta ambaci sunan mahaifinsa da na kakansa. Yaron ya saki sandar ya durƙusa a gabanta. Baba ya juya baya yana goge ido da hularsa.

Ashe ɗan Baffa ne a hoton, magana ta ƙare. Na miƙa masa mujallar ina murmushi, na ce, "Ga ka nan, har birni an san ka."

Ya duba, ya girgiza kai. "Adda, shanunmu ne, amma ba ni ba ne. Lokacin da masu fim suka zo ina kwance a asibiti, maciji ya sare ni. Sai da suka tafi aka sallamo ni."

Inna ta kamo hannunsa na hagu ta buɗe, yatsu biyar cif. Sannan ta ɗora farcenta a kan hoton, inda hannun mutumin ya rataya a sanda. Ƙaramin yatsan babu shi.

"Igiyar bijimi ce ta cire masa yana yaro," ta ce. "Ni na ɗaure masa."

Dattijon ya fara salati a hankali, muka bi shi. Daga nan ya kai mu makabartar rugar, Inna ta tsaya daga nesa, Baba da ɗan ƙanensa suka ƙarasa suka yi addu'a.

Ni dai na san wanda ya mutu ba ya dawowa, haka aka koya mana kuma haka na yarda. Wataƙila wani baƙo ne mai wucewa ya tsaya inuwa, wataƙila tawadar ɗab'i ce ta cinye yatsan. Na sha juya abin a raina har na haƙura na bar wa Allah saninsa. Abin da na tabbatar shi ne, Inna ta yi sauran rayuwarta da jikanta yana zuwa Buji gaishe ta duk salla, ta kuma rasu ta san inda ɗanta yake kwance.

Yanzu da nake aikin da kaina, ni ma nakan zauna in tsara wa zan jawo da hoto, wa zan cire don kada ya ɓata ciniki. Amma tun daga ranar na koyi cewa ba kai ke zaɓen idon da zai kalli abin da ka buga ba. Wanda ka tura baya kana ganin ba kowa ba ne, akwai uwar da shi kaɗai za ta gani. Shi ya sa har gobe ba na goge mutum daga hoto sai na tambayi ko ɗan waye.