Bakin da Ya Ciyar da Ni

Ranar da aka raba Gongola aka ba mu jihar Adamawa, a damunar 1991, ina tsaye a bakin kasuwar Mubi da farantin ƙuli-ƙuli a kaina, ban sayar da ko ɗaya ba tun safe. An yi yayyafi, silifas ɗina ya tsinke a taɓo, maza duk sun taru a teburin mai shayi sun kasa kunne ga rediyo. Tsoron komawa gida da kaya ne ya buɗe mini baki. Na ɗaga murya na ce, "Ƙulin Gongola ya ƙare, ga na Adamawa da zafinsa!" Aka kwashe da dariya. Wani tsoho mai sayar da goro ya miƙo hannu, na kusa da shi ma ya miƙo, kafin a kira la'asar farantina ya koma wayam.

A unguwar Nassarawo gidanmu yake. Babana tela ne, iyayensa daga wajen Katsina suka zo, Inna kuwa man gyaɗa take matsewa. Gyaɗar daga Gude ake kawo ta, a kan wata maƙwabciyar arziki da muke kira Mama Rifkatu, wadda ke noma ta da hannunta. Aikinmu mu yara shi ne ɓara da fece ɓawo da tsayawa kan kasko har idanu su yi ja don hayaƙi, sannan a ɗebo ruwa, sannan makaranta, sannan talla. Wasan gaɗa sai abin da ya rage na ƙarfi. Tun daga ranar nan da na sayar da ƙulin Adamawa 'yan matan layinmu suka riƙa zuwa in tsara musu kiran talla, mai awara da mai dafaffen rogo da mai zogale, wani da Hausa, wani in tsoma masa Fulatanci don mutanen unguwar Kolere. Baba ba ya so. Yakan ce, "Hauwa, mutum ba ya cin abinci da surutu." Mama Rifkatu kuma ta ce da irin Hausarta, "Bar shi, Malam, yarinya nan bakinsa ne gonansa."

Ita ce ta fi gaskiya, ko da yake ba yadda muka zata ba. Na gama sakandare da ƙyar, na yi difloma, wani mai sayar da maganin gargajiya a mota ya ɗauki muryata a kaset, daga nan wani ƙaramin kamfanin talla a Yola ya neme ni. Na yi wa sabulu waƙa, na yi wa takin zamani, na yi wa katifa da ɗanɗanon miya. Ranar da Baba ya fara jin muryata a rediyo, an ce ya tsayar da keken ɗinki har tallar ta ƙare, sannan ya ci gaba da ɗinkinsa. Bai daɗe ba ya rasu.

Lokacin da 'yan bindiga suka shiga Mubi a 2014, ina Yola cikin ɗakin ɗaukar murya ina tallar katifa. Wayar Inna ba ta shiga. Na kira duk wanda na sani, wasu suna gudu suna haki, wasu wayarsu a kashe. Mai kamfanin ya leƙo ya ce, "Hajiya Hauwa, yi haƙuri, mai kaya na jira. Ki ɗan sa fara'a a muryar." Na sa. Na faɗa wa mutanen Adamawa su kwanta su yi barci mai daɗi, alhali uwata tana kwana a kan duwatsu a hanyar Kamaru. Bayan makonni ta iso Yola a bayan wata motar itace, ƙafafunta sun kumbura, zanenta ɗaya. Tare suka fita da Mama Rifkatu, suka rabu a wani mayo, wato rafi, da ruwa ya cika. Har yau ba mu ji labarinta ba.

Ban bar aikin ba, da shi nake ciyar da Inna da 'ya'yan ƙanena. Amma kalmomin da a da suke zuwa mini ina tafe a hanya, yanzu sai na zauna na matso su kamar man da ya ƙi fita daga tunkuza.

Bana, 2017, na kai Inna Mubi ta ga gidanmu. A bakin tasha na hangi wata yarinya da farantin gyaɗa, tana tafe a raɓe, ba ta kira, ba ta waƙa. Da ta nufo wata rumfa sai mutane suka ja da baya, wani ɗan sintiri ya daka mata tsawa ta sauke farantin ta ɗaga hijabinta a gani ko da bam a jikinta. Ta yi, ba ta ko yi mamaki ba. Mu da muna ƙanana gajiyarmu a ƙafa take, mu yi barci ta wuce. Na sayi gyaɗarta, na tambaye ta yadda take kiran masu saye. Ta ce ba a kira yanzu.