Ƙofar Motar da Na Mayar Lilo

Edita, sallama a gare ku da masu karatu. Ni ba mai zurfin karatu ba ce, aji huɗu na tsaya a firamare, don haka ku yi haƙuri da rubutuna. A shekarun da zan ba da labarinsu ni yarinya ce mai 'ya ɗaya, an kawo ni cikin garin Daura daga Baure, kuma babban abin da ke cin raina shi ne kada wata rana a ce ga baƙauyiya ta ɓata wa mijinta kaya. Ko kofin shayi zan ɗauka sai na riƙe shi da hannu biyu. Maigidana bai taɓa ɗaga mini murya ba, ni ce dai na ɗora wa kaina wannan tsoron, ina kwana da shi ina tashi da shi.

Maigidan bakanike ne, kuma yana da wata tsohuwar mota ja da ya samo ta hanyar Kongolam, wai wani Bature ne ya bar ta a can tsallaken iyaka tun kafin a haife ni. Irin motocin gudun nan ce, gajeruwa, kamar ta kwanta a ƙasa, ƙofa biyu, kujera biyu. Abokansa suna tsokanarsa wai da gangan ya zaɓi motar da ba ta da wurin suruka. Lokacin an fara shari'ar Musulunci a jiharmu, mata da yawa sun fara jin nauyin hawa acaɓa, sai ya yi alkawarin zai tayar da motar nan don ya riƙa kai ni unguwa da kansa. Ya rushe gefen katanga ya shigo da ita tsakar gida, ƙarƙashin bishiyar darbejiya, kullum in ya dawo daga gareji bayan la'asar sai ya duƙufa a kanta. Wajen shekara guda yana wannan aiki.

Ana cikin haka 'yata ta fara haƙora. Kuka take yi ba ji ba gani, na goya, na jijjiga, na zagaya gida, a banza. Wata rana da hantsi na buɗe ƙofar motar ta ɓangaren fasinja don in zauna a inuwa, gilashin a sauke yake, sai na ɗora ta a bakin tagar ina riƙe da ita, na ɗan tura ƙofar gaba na dawo da ita. Nan take ta yi shiru, sai ga dariya. Daga ranar ƙofar nan ta zama lilonmu. Da maigida ya fita sai mu hau aiki, ita a kan taga, ni na jingina da dukan nauyina ina kai ta ina kawo ta ina mata waƙa. Har wanki na riƙa shanyawa a kai. Ban san cewa doguwar ƙofa mai nauyi irin wannan a kan ƙananan ƙarafa biyu kawai take rataye ba.

Bayan 'yan makonni na lura bakinta ya sunkuya. Tsagar da ke sama ta buɗe har yatsana yana shiga, ta ƙasa kuwa ta matse tana kankare fenti. In na tura sai ta daki jikin motar ta dawo. Na gano in na sa gwiwa na ɗaga ta kaɗan sannan na tura, tana kamawa, to haka na riƙa yi kafin ya dawo. Shi kuwa ta ɓangaren direba yake shiga, hankalinsa duk yana kan inji. Sau nawa na buɗe baki zan faɗa masa, sai in ce bari sai gobe.

Ranar da motar ta tashi ta zo daidai da sunan ɗan ƙanwata a Baure. Ya wanke ta tana ƙyalli, ya sa sabuwar hula, farin ciki kamar yaro. Ni kuwa na san daga ciki babu yadda zan sa gwiwa in ɗaga ƙofa. Sai na riga shi shiga, na ja ta iya ƙarfina, ta kama rabi. Na kwance majanyin goyo na ɗaura a mariƙin ƙofar, ɗaya bakin na naɗe a wuyan hannuna, na rufe da hijabi, 'yata a cinya na tallafe ta da hannu ɗaya. Wannan shi ne babban kuskurena. Na zaɓi in saka 'yata kusa da ƙofar da na san ba ta rufu ba, don kawai kada a ce na yi ɓarna.

Mun fita gari lafiya, mutane suna ɗaga mana hannu. Can a hanya shanu suka ratso titi, ya kauce, taya ta faɗa rami. Ƙofar ta ɓalle ta wangale, majanyin ya fizge hannuna, na ga kwalta tana gudu a ƙarƙashina, takalmin yarinyar ya faɗa waje. Allah ya sa ɗaya hannun nawa bai sake ta ba. Ya taka birki, ya zagayo, ya ga majanyi a hannuna da shatin da ya bari. A gindin wata tsamiya na faɗa masa komai ina kuka, tun daga lilon har gwiwar. Ya karɓi 'yar ya rungume ta. Sannan ya ce, “Ƙofa ai ƙarfe ce, gobe sai in yi wata. Ke da wannan fa, a wane gareji zan samo ku?” Ya ce ƙusoshin da ƙofar ke juyawa a kansu sun cinye tun tuni, yana da niyyar canza su ya manta, nauyinmu ƙarasa su kawai ya yi. Da ya sa na sake kwatanta masa yadda muke lilon, dariya ta kama shi har hularsa ta faɗi. Ya ɗaure ƙofar da igiya tamau, muka ƙarasa Baure a hankali, ni kuma ta ɓangarensa na fita, mata suna ta guɗa wai amarya ta zama direba.

Ranar Juma'a da safe ya ce tunda ni na san ciwon ƙofar fiye da kowa, ni ce abokiyar aikinsa. Jak ɗinsa na ɗaga mota yana gareji, sai na mirgino turmi, muka kifa shi ƙarƙashin bakin ƙofar muka ɗora tsumma, ya zauna daidai kamar don ita aka sassaƙa shi. Ya buge tsofaffin ƙusoshin, ya nuna mini yadda suka rame a tsakiya, ya sa sababbi da wani maƙeri ya yi masa, ya shafa musu giris. Sannan ya sassauta notuna, ni ina tsaye daga baya ina duba tsaga, ina ce masa ɗaga kaɗan, sauke kaɗan, har sama da ƙasa suka zo ɗaya, ya ɗaure. Amma da muka tura sai ta ƙi kamawa sosai, ya rasa inda harshen makullin yake gogawa. Na ɗauko kwallina na shafa a harshen, muka rufe muka buɗe, sai ga baƙin tabo a saman ƙarfen da yake kamawa. Ya sauke shi ɗan kaɗan. Ya ce in tura da yatsa biyu. Na tura, ta rufe da wata 'yar ƙara mai taushi, ƙyat. Sai da na buɗe na rufe ya fi sau goma, 'yata tana tafi. Ya ce shekararsa goma sha wani abu a gareji bai taɓa ganin mai ido irin nawa ba, kuma daga yau za a riƙa sayen kwalli a kayan aiki. Ban taɓa jin daɗin wata magana kamar wannan ba. Da yamma ya ɗaura wa yarinyar lilo na gaske a reshen darbejiya.

Abin da na fahimta shi ne, faɗan da na yi watanni ina gudu babu shi ma, a kaina kawai yake, amma haɗarin da na jawo da shiruna na gaske ne. Da na yi magana ranar da na ga tsagar nan, aikin safiya ɗaya ne. Yarinyar yanzu ta girma, ita ma har tana da nata goyon, ni kuma har gobe in ya kawo mota mai matsalar ƙofa sai ya kira ni in duba masa.

Roƙona ga 'yan'uwana mata, har da maza: in akwai abin da kika san ya lalace a gidanki, ƙofa ce, wayar lantarki ce, murfin rijiya ne, kuma yaro yana wucewa ta wurin, ki faɗa yau, ko da ke kika lalata shi. Don Allah kada ki bari sai gobe.