Takardar Asalin Ziyad

Ziyad ɗana ne na fari. A unguwar Danau Kota aka haife shi, shekarar da na fara koyarwa a Kuala Lumpur. Malayanci ya fi zama a bakinsa. In uwarsa ta aike shi, "boleh" yake amsawa, ba "to" ba. Injiniyan ruwa ya karanta.

Da ya gama a 2020 ya fahimci abin da na daɗe da sani ban gaya masa ba: guraben da ake ware wa 'yan asalin ƙasar nan ba su haɗa da shi ba, ko da a nan aka yanke masa cibiya. Bai yi ƙorafi ba. Ya ce, "Baba, su ma an daɗe da barinsu a baya."

Sai ƙanena Ubale ya bugo daga gida. Wata ma'aikata za ta ɗauki injiniyoyi, an ware wa ƙaramar hukumarmu gurbi ɗaya saboda ba mu da kowa a cikinta. Takardar shaidar asali kawai ake buƙata, ita kuma sai dagaci ya sa hannu. Jirage ba sa tashi saboda korona, don haka Ubale ya roƙi dagacin ya ga yaron ta waya.

Kwana uku ina koya masa gaisuwa. Ranar ya sa hulata, muka jingina wayar da filas, ya durƙusa a tsakar falo. Ya faɗi "ranka ya daɗe" daidai.

Dagaci ya ce, "Ɗan Lawal, kabarin kakanka gabas yake da masallaci ko yamma?"

Ziyad ya dube ni. Na raɗa masa, "Gabas."

"Malam Lawal, ba kai na tambaya ba. Ya zo ya taka ƙasar, in gan shi, in sa hannu."

Shekara ashirin da huɗu ina cewa baɗi za mu je gida.

Ziyad ya kamu da korona a watan Yuli na 2021. Kwanansa tara a asibiti, ba a bar mu mun shiga ba. Daga nesa muka tsaya aka binne shi.

A watan Oktoba Ubale ya turo hoton takardar, da sa hannu da hatimi. "Yaya, dagaci ya ce a ba ka haƙuri. Ya ce yaro namu ne."

Na tambaye shi labarin gurbin.

"An rufe tun Afrilu. Ba wanda ya cike shi."