Albasar Kunnen Baba

Duk wanda ya ambaci rawani a gabana sai ranar nan ta faɗo mini, kuma na san har in koma ga Allah ba za ta bar zuciyata ba.

Mahaifina manomin albasa ne a Jiga Birni. Wani ƙari ya fito masa a leɓen kunnen dama, yana girma a hankali har ya fara rinjayar kunnen. Shi ko a jikinsa, ni ce ba na barci. Yana da wani taubashi a Giwa Tazo, wanda gaisuwarsu ita ce ya kama ƙarin ya girgiza, ya ce, "Yaushe za a cire albasag ga mu kai kasuwa?"

Da ƙyar na ja Baba asibiti. Likita ya ce ba ciwon daji ba ne. Ya yanke ƙarin, ya ɗebo fata daga bayan kunnen ya cike gurbin, sannan ya gargaɗe mu: kada ruwa ya taɓa, kada a fama, in fatar ta mutu Baba zai rasa rabin kunne.

Na zama mai gadin kunne. In zai yi alwala ina tsaye a kansa, ƙuda ma ban yarda ya sauka ba. Abu ɗaya ya gagare ni: Baba ya ƙi a san an yi masa aiki. Ya naɗa rawani ya rufe bandejin.

Na ce, "Baba, a faɗa wa mutane don su kiyaye."

Ya ce, "Ke ɗiyag ga kin cika tsoro. Mi za a ce, tsoho ya tahi gyaran kyau?"

Ana haka aka yi suna a maƙwabta, ya ce sai ya je. Ina leƙe daga zaure na hango taubashin ya lallaɓo ta baya. Kafin in buɗe baki ya zura hannu cikin rawanin ya murɗa.

"Wa ya sace muna albasa?"

Jini ya ɓata farin rawanin. Muka kwasa a babur zuwa asibiti, ina kuka, su biyun kuwa suna gardama a kan wanda ya fi wauta. Aka sake ɗinki. Allah ya taimaka fatar ta kama, sai dai gefen kunnen ya warke da ɗan giɓi, kamar na akuyar da aka yi wa shaida. Har yau taubashin yana cewa Baba dabbarsa ce, shi ne ya sa mata alama. Baba ya yi ta dariya, ni kuwa raina yana ƙuna.

Abin da na koya shi ne, ciwon da aka ɓoye shi ake famawa, kuma yawanci mai ƙaunarka ne zai fama shi.