Mai Sayen Ruwan Zaitun

Sabuwa tana tsaye a wani shagon zaitun a unguwar Al Ras ta Dubai, tana jiran a auna mata kilo biyu, sai ga wani mutum ya shigo. Jallabiya fara ƙal, gemu ya sha lalle, turarensa ya riga shi sallama. Da ganin hularsa ta san ɗan gida ne, irin waɗanda sati biyu a Dubai ke mayar da su shehunai.

Ga robobin zaitun a jere: kore da aka fasa aka jiƙa da lemon tsami, baƙi da ya yamutse cikin busasshen gishiri, da wanda ke kwance cikin mai da barkono. Ko kallonsu ba ya yi, balle ya ɗanɗana. Jarka yake miƙa wa mai shagon.

"Ruwan kawai, habibi. 'Ya'yan kuwa ka riƙe abinka."

Mai shagon bai musa ba. Ruwan gishirin da aka jiƙa zaitun ne, dama kwata za a kai shi.

Ana ɗura masa, shi kuwa ya kara waya a baki, yana magana da muryar masu wa'azi: "Hajiya, an dace da ruwan zaitun mai albarka, daga tushe. Cokali uku safe da yamma, khalas, shi ke nan."

Sauran ba sai an faɗa wa Sabuwa ba: ƙananan kwalabe, takarda mai rubutun Larabci, tsofaffi a layi a Kano. Ta san kwalbar. Akwai irinta a gefen gadon mahaifiyarta, wadda likita ya hana gishiri tun bara saboda hawan jini.